Moses Itauma da sauran masu tasowa: yaya ake gane zakaran gobe a damben masu nauyi?

Daren Asabar, 16 ga Agustan 2025, muna cunkushe a gidan kallon unguwarmu, ana jiran damben Moses Itauma da Dillian Whyte kai tsaye daga Riyad. Wani dattijo da ke kusa da ni, tsohon direban babbar mota, ya aiki yaro ya karɓo masa shayi a bakin ƙofa. Kafin yaron ya dawo da kofi har an gama. Minti biyu ba su cika ba. Itauma ya kora Whyte jikin igiya, ya yi ta sauke masa hannu sama da ƙasa, sannan ya ɗauke shi da dama ta gefe. Whyte ya miƙe yana tangaɗi kamar wanda ya sauko daga lilo, alƙalin wasa ya shiga tsakani ya ce ya isa haka. Gidan kallo ya kaure da ihu. Wani matashi ya juyo yana rawar jiki: "Wallahi Baba, sabon Tyson ke nan!"

Dattijon ya karɓi shayinsa, ya hura, ya kurɓa. Ya ce: "Ɗana, ka ga ya yi duka. To, ka ga an dake shi?"

Tun daga daren nan tambayar take yawo a kaina, domin ita ce ƙashin bayan duk wani lissafi da ake yi kan matasan da ke tasowa a ajin masu nauyi na damben boksin.

Bari mu fara ba yaron haƙƙinsa. An haifi Itauma a ƙasar Sulobakiya a Disambar 2004, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar can, ya girma a garin Chatham na Ingila. Bahago ne. Bai taɓa faɗuwa ba a damben masu neman ƙwarewa, ya kuma ci zinare a gasar matasa ta duniya a 2022. Ya shiga damben kuɗi a Janairun 2023 a ƙarƙashin mai shirya dambe Frank Warren, yana ɗan shekara 18. Zuwa daren Whyte ya yi wasa 13, ya ci duka, 11 daga ciki kisa ne. Wanda ya san dambe, ba yawan kisan ne ke ɗaukar hankalinsa ba, yadda ake yin sa ne. Ƙaton mutum mai sama da kilo ɗari, amma ƙafarsa kamar ta ɗan ajin matsakaita. Yana shiga ya fita, ya yi kamar zai kai hannu bai kai ba, sai abokin karawa ya kare inda babu komai, dukan gaske ya zo ta wani wajen. Ba ya gaggawa ko da ya ga mutum ya jigata. Irin wannan natsuwa a wurin ɗan shekara ashirin ba kasafai ake ganinta ba, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai dai akwai abin da lambar nan ta 13 ba ta faɗa. Ɗan dambe mai tasowa jari ne. Mai shirya masa wasa ya zuba kuɗi a kansa, gidan talabijin ya sa hannu, don haka ba a jefa shi gaban kowa haka kawai. Akwai mutumin da aikinsa ke nan, zaɓen abokan karawa, kuma ilimi ne mai zaman kansa. Da farko a kawo waɗanda sana'arsu ita ce a kira su su zo su sha duka, su karɓi kuɗinsu su koma gida. Daga nan a kawo mai taurin kai wanda ba ya faɗuwa da wuri amma hannunsa ba shi da dafi. Sai kuma mataki na uku, wanda ya fi kowanne riba: tsohon suna. Mutumin da jama'a suka sani, ya taɓa dambe da manya, amma ƙafa ta tafi, haƙo ya yi laushi. Ka doke shi, jarida ta buga sunansa na da, ba jikinsa na yau ba.

Duba manyan sunayen da Itauma ya kayar. Mariusz Wach na Polan, wanda ya taɓa yin turmi 12 da Wladimir Klitschko a 2012, yana da shekara 44 lokacin da suka haɗu a Yulin 2024. Demsey McKean na Ostireliya ya fi shekara bai yi dambe ba tun da Filip Hrgovic ya kashe shi, sai ga shi gaban Itauma a Disambar 2024. Shi kuwa Whyte, shekararsa 37, kuma Alexander Povetkin ya riga ya kwantar da shi a 2020, Tyson Fury ya maimaita a 2022. Ba raina aikin nake ba. Hrgovic sai da ya kai turmi na 12 kafin ya gama da McKean, Itauma a turmin farko. Fury turmi shida ya yi da Whyte. Wannan bambanci yana da ma'ana. Amma har zuwa daren Whyte babu wanda ya kai Itauma turmi na bakwai, alhali damben kambu turmi 12 ne, minti uku-uku. Minti 36 ke nan mutum yana ɗauke da nauyinsa da nauyin wani ƙato da ke jingina a jikinsa. Ba mu ga numfashinsa a can ba. Ba mu ga fuskarsa bayan hannu mai nauyi ya same shi sosai ba. Ba laifinsa ba ne, amma ba mu gani ba.

Wani zai ce wannan neman aibu ne kawai. To, a tambayi mutanen Toledo da ke jihar Ohayo.

Shekaru kaɗan da suka wuce, ɗan garin Jared Anderson ne ake wa kirarin da ake wa Itauma yanzu. Amurka ta daɗe tana jin ƙishirwar zakaran masu nauyi, ga kuma yaro mai sauri, mai iya dambe da dama da hagu, yana kashe duk wanda aka kawo. Alama ta fara bayyana a Yulin 2023, lokacin da Charles Martin, tsohon mai riƙe da kambun duniya na hukumar dambe ta IBF, ya girgiza shi a gaban mutanen garinsu, ya kuma kai shi ƙarshen turmi goma. Aka ce ai darasi ne. Ran 3 ga Agustan 2024, a Los Anjalis, aka haɗa shi da Martin Bakole, ɗan Kwango mai zama a Sikotilan, mutumin da kowa ke kauce wa saboda haɗarinsa ya fi kuɗin da ake samu a kansa. Anderson ya shigo da wasa 17 babu faɗuwa. Tun a turmin farko Bakole ya ɗaga masa haɓa ya kai shi ƙasa. A turmi na biyar ya sake kai shi sau biyu, aka tsayar. Abin da na lura da shi a damben nan shi ne Anderson bai san yadda ake ja da baya a tsira ba. Bai iya rungumar mutum ya ɓata lokaci har kai ya dawo daidai ba. Tsayawa ya yi yana musayar hannu da wanda ya fi shi nauyi da ƙarfi, domin duk rayuwarsa ta dambe ba a taɓa tilasta masa koyon wata hanya ba.

Labarin ba sabo ba ne. Michael Grant ya je gaban Lennox Lewis a 2000 ba a taɓa doke shi ba, bai wuce turmi na biyu ba. David Price na Libaful, mai tagulla a gasar Olamfik ta 2008, dogo kamar rimi, ya yi ta share 'yan damben Birtaniya har aka fara kiransa magajin Klitschko. A 2013 Tony Thompson, ɗan Amurka da ya haura arba'in, ya doke shi sau biyu a jere, kuma Price bai ƙara komawa inda yake ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dalilin da ya sa hasashe ya fi wuya a wannan aji shi ne ba shi da rufi. Duk wanda ya haura fam 200, wato kilo 90 da ɗoriya, ya shiga, ko da ya kai kilo 130. A ƙananan azuzuwa gwani yakan yi kuskure goma ya tsira. A nan kuskure ɗaya ya isa. Lewis da kansa hannu ɗaya ya kwantar da shi sau biyu, na Oliver McCall a 1994 da na Hasim Rahman a 2001, kuma duka ya dawo ya rama. Shi ya sa ban cika damuwa da ko matashi ya taɓa faɗuwa ba. Abin da nake dubawa shi ne me ya yi bayan faɗuwar.

A nan ne Daniel Dubois ya zama darasi. A Nuwambar 2020 Joe Joyce ya yi ta caka masa hagu a ido ɗaya har ƙashin da ke kewaye da idon ya karye. A turmi na goma Dubois ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya bari aka ƙirga masa goma. Tsofaffin 'yan dambe suka yi masa ca, aka ce ba shi da zuciya. Da Oleksandr Usyk ya tsayar da shi a Polan a 2023, aka ƙara tabbatar da hukuncin. Sai ga shi cikin wata tara ya doke Jarrell Miller, ya doke Hrgovic bayan ya sha hannun dama iri-iri a turamen farko bai faɗi ba, sannan ran 21 ga Satumbar 2024 ya kwantar da Anthony Joshua a turmi na biyar a filin Wembley. Usyk ya sake doke shi a Yulin 2025, amma ai Usyk ya doke kowa. Da an rufe littafin Dubois a 2020, da an yi asarar babi mafi daɗi.

Wladimir Klitschko ma haka. Zinaren Olamfik a 1996, sannan Ross Puritty ya bar shi ya gajiyar da kansa ya tsayar da shi a 1998, Corrie Sanders ya kashe shi a 2003, Lamon Brewster a 2004. Aka ce haɓarsa gilashi ce. Mai horarwa Emanuel Steward ya sake gina shi, ya koya masa tsare nesa da riƙe mutum idan ya matso, ya yi mulki daga 2006 har 2015. Masu nauyi ba sa nuna da wuri. Usyk yana da shekara 37 ya haɗa kambunan duniya huɗu a kan Fury a Mayun 2024. George Foreman ya ci kambu yana da 45. Mike Tyson, da ya doke Trevor Berbick a Nuwambar 1986 yana ɗan shekara 20 da wata huɗu, shi ne baƙo a tarihi, ba shi ne ma'auni ba. Itauma ya taɓa sa wa ransa karya wannan tarihi, lokaci ya wuce shi a Mayun 2025. Ni dai a ganina alheri ne gare shi, domin gaggawar cika wa'adi ce ke sa a jefa yaro ruwan da ya fi ƙarfinsa.

Yanzu mu juya ga waɗanda ba a yi wa kiɗa sosai amma sun riga sun amsa tambayar dattijon.

Agit Kabayel, Bajamushe ɗan asalin Kurdawa, ba yaro ba ne, an haife shi a 1992. Ya doke Derek Chisora tun 2017, sannan ya yi shekaru yana dambe a Jamus ba wanda ya damu da shi. A Disambar 2023 aka kawo shi Riyad, kusan a matsayin abincin Arslanbek Makhmudov, wani ƙaton ɗan Rasha da kowa ke tsoro. Kabayel ya ƙyale kai ya koma ciki. Haƙarƙari, hanta, ƙahon zuci, har ƙaton ya rushe a turmi na huɗu. Ya yi wa Frank Sanchez na Kuba haka a Mayun 2024. A Fabrairun 2025 Zhilei Zhang na Sin, bahagon da ya kashe Joyce da Deontay Wilder, ya kai shi ƙasa a turmi na biyar. Kabayel ya tashi, ya koma kan cikin nan, ya gama da shi a turmi na shida. Wannan tashin ya fi mini kisa goma a turmin farko. Dukan ciki kuwa abu ne da manyan ƙatti ba su saba da shi ba, domin yawancin masu nauyi kai suke farauta. Kabayel yana aiki ne kamar mai saran itace, gindi yake bi, ya san reshe zai biyo baya. Rauninsa a bayyane yake: yana shan hannu kafin ya isa inda yake so, kuma shekaru ba sa jira.

Fabio Wardley na garin Ipswich shi ne ya fi kowa rikita masu lissafi. Bai yi damben masu neman ƙwarewa ba ko sau ɗaya. Ma'aikacin ofis ne da ya fara da irin damben da ake shirya wa ma'aikata don nishaɗi. Idan ka kalle shi da idon malamin dambe, kura-kurai ne birjik: hannu a ƙasa, haɓa a sama, hanci kullum cikin jini. A Maris na 2024 suka yi turmi 12 da Frazer Clarke aka tashi babu wanda ya ci, jini har kan rigar alƙali. A karo na biyu, cikin Oktoba, bai bar Clarke ya ga ƙarshen turmin farko ba. A Yunin 2025, a filin ƙwallon garinsu, Justis Huni na Ostireliya ya yi ta koya masa dambe turmi tara, yana gaba nesa a takardun alƙalai duka uku. A turmi na goma Wardley ya sako dama guda ɗaya, magana ta ƙare. Sai kuma Joseph Parker a Oktoba, wanda ya tsayar a turmi na 11, duk da wasu sun ce alƙali ya yi saurin shiga. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wannan bawan Allah sai miya ta ƙare yake fara ci. Amma mutumin da ke ba da turmi tara bashi yana jiran hannu ɗaya ya biya, wata rana zai haɗu da wanda ba ya karɓar irin wannan biya. Jiki ma yana da iyakar dukan da zai ɗauka.

Bakhodir Jalolov na Uzbekistan, zinare biyu a Olamfik, Tokyo da Faris, dogon bahago, a takarda ya fi kowa cancanta. Amma ya haura talatin yana raba ƙafa tsakanin damben ƙasa da na kuɗi, kuma har ƙarshen 2025 ba a ga babban suna a jerin waɗanda ya doke a damben kuɗi ba. Richard Torrez na Amurka, wanda Jalolov ya doke a wasan ƙarshe na Tokyo, yana da zafin nama da naci, sai dai ƙaramin jiki ne a cikin ƙattin zamanin nan. Namu Efe Ajagba, ɗan Ughelli a jihar Delta, yana da dama mai kisa, kuma ya nuna ya ƙara wayo lokacin da ya yi kunnen doki da Bakole a Mayun 2025, bayan Sanchez ya tona asirin ƙafarsa a 2021. Zai wahalar da kowa, amma ban ga kambu a hannunsa ba sai in hanya ta buɗe masa. Abin da ke ɗan sosa rai shi ne daga Samuel Peter, wanda ya ci kambun WBC a 2008, zuwa Joshua, zuwa Ajagba da Itauma, jinin na gida ne amma duk a waje aka ƙera su a damben kuɗi.

Akwai kuma abubuwa biyu a wajen fili da ke canza lissafin. Na farko kuɗin Saudiyya. Tun ƙarshen 2023 da jami'in Saudiyya Turki Alalshikh ya fara zuba kuɗi a manyan wasanni, masu shirya dambe da a da ba sa ga maciji da juna suka zauna teburi ɗaya, aka fara haɗa waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba da junansu ko da masu haɗari. Kabayel da Makhmudov, Anderson da Bakole, duk a wannan inuwa aka yi su. Amfanin shi ne ramin ƙarya ya zama ƙurarre, kuma wanda ya faɗi a dambe mai kyau ana sake kiransa. Illar ita ce kuɗin sun kai yawan da za su sa ɗan dambe ya karɓi wasan da bai shirya masa ba. Bakole ya amsa kiran karawa da Parker saura kwana biyu, ya taso daga Kwango a jirgi, aka kashe shi a turmi na biyu.

Na biyu kambunan kansu. Hukumomi huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da jerin sunayenta da wanda take tilasta wa zakara ya kara da shi. Mutum ɗaya ba ya iya biyan bukatar dukkansu, don haka da zarar an haɗa kambunan sai su fara watsewa. Usyk ya ajiye na IBF a 2024, aka miƙa wa Dubois ba tare da ya shiga fili ranar ba. Ya ajiye na WBO a Nuwambar 2025, aka miƙa wa Wardley. Ma'ana, Itauma zai iya ɗaura kambun duniya a ƙugu kafin kowa ya ga abin da dattijon nan ke son gani. Haka ta faru da Joshua: ya ci kambun IBF a wasansa na 16, a kan Charles Martin, cikin turmi biyu a 2016, amma jarrabawarsa ta gaskiya sai a Afrilun 2017, da Klitschko ya kai shi ƙasa a turmi na shida ya tashi ya ci a na 11. Abin ban sha'awa, wanda ya fara girgiza Joshua a damben kuɗi shi ne wannan Whyte ɗin, a Disambar 2015, lokacin yana ɗan shekara 27 da cikakken ƙarfinsa. Wancan Whyte ɗin ne ya kamata a ce Itauma ya samu. Wanda ya samu inuwarsa ce.

In aka matsa mini na zaɓa, nan da shekara biyar Itauma nake ganin zai riƙe ajin, kuma ba na jin kunyar faɗa. Karen bana shi ke maganin zomon bana, sannan manyan duk sun doshi arba'in. Amma in aka ce gobe a haɗa shi da Kabayel turmi 12, ba zan sa ko kuɗin shayi ba. Abin da nake so Frank Warren ya nemo masa shi ne mutum mai shekara talatin da 'yan kai, mai kai kamar dutse, wanda zai sha dukan turmi huɗu na farko ya ci gaba da takowa, irin su Hrgovic. Ranar da aka yi wannan, ba hannun yaron zan kalla ba. Bakinsa zan kalla a turmi na takwas, ko a rufe yake ko ya fara neman iska, da kuma ƙafar nan tasa, ko tana nan tana rawa ko ta kafe wuri ɗaya.